Gonar Baba a Sawagi: yinin da ƙungiyarmu ta biya, da abin da ta samu

Ni ce ke riƙe da asusun ƙungiyarmu, kuma duk wanda ya taɓa riƙe kuɗin jama'a ya san yadda hannu yake ƙanƙancewa. Ranar da aka kawo maganar a kama gona a Sawagi mu yini a can don "ƙarfafa zumunci tsakanin ma'aikata", ajiye biro na yi na dubi shugabanmu. Na ce, "Yaya, mutanen da ke kwana a azuzuwan makaranta ne za mu gaya wa mun tafi shan iska?" Ya ce, "Ustaza, in ba mu je ba, kafin azumi babu ƙungiyar da za ki riƙe wa asusu." Ban tanka ba, don na san ba ƙarya ya yi ba. Amma ban yarda a zuci ba, kuma da wannan idon na je gonar. Saboda haka duk yabon da za ku ji daga bakina, ba na mai sauƙin burgewa ba ne.

Mu 19 ne, 'yan sa-kai a nan Kassala, a gabashin Sudan. Ba asibiti ba ne mu, ba ma rubuta magani. Aikinmu zama da mutanen da yaƙi ya koro, mu saurare su, mu gane wanda damuwarsa ta wuce ta zama da hira mu kai shi inda za a duba shi. Mun fara ne bayan Wad Madani, babban birnin jihar Jazira, ta faɗi a Disambar 2023, lokacin da motoci suka riƙa sauke mutane a tasha ba dare ba rana. Sai ga na Sinja da ƙauyukan Sennar a tsakiyar 2024, sai ga na gabashin Jazira a Oktoba. A cikinmu mutum ɗaya ce ta karanci wannan fanni, wadda muke kira Daktora, ita ma gudun hijira ya kawo ta daga Omdurman. Sauran kuwa malaman makaranta ne irina, da ɗaliban da aka rufe wa jami'a, da tela guda, da mai tuƙa raksha, wato keken nan mai ƙafa uku. Fiye da rabinmu Hausawa ne, kuma ba da gangan aka tsara haka ba, buƙata ce ta kawo. Tsohuwa daga wajajen Mai Wurno, garin Hausawa a jihar Sennar, za ta yi ciniki da Larabci tsaf, ta yi faɗa da Larabci, amma ranar da za ta ba da labarin ɗan da ta baro a hanya, da Hausa take buɗe baki. Na ga haka ba sau ɗaya ba.

To, mu masu sauraron kukan wasu, sai ga shi mun daina sauraron juna. Wanzami dai ba ya son jarfa. Ofishinmu ɗaki ɗaya ne da wani bawan Allah ya ba mu aro, amma ya rabu gida biyu ba tare da an ja layi ba: 'yan gari a ɓangaren taga, waɗanda suka zo gudun hijira a ɓangaren ƙofa. Ko shayi ba a haɗa buta. Tushen abin, in an bi diddigi, guda biyu ne. Na ɗaya horon da ake kira a Port Sudan lokaci-lokaci, wanda ake ba da kuɗin mota da na abinci. 'Yan gari suna ganin kullum masu takardu da Turanci ake turawa, su kuma an bar su da zirga-zirga a rana. Na biyu zauren WhatsApp ɗinmu, wanda ba ya barci. Ƙarfe ɗayan dare a turo cewa wata ta ƙi cin abinci kwana uku, wa zai je? In ka yi shiru, da safe a yi maka kallon marar imani. Akwai yarinyar da ta gaya mini ta fara jin faɗuwar gaba da zarar waya ta yi ƙara, ko da kuwa mahaifiyarta ce ke kira. Zaman doya da manja ake yi, kowa ta ciki na ciki.

Da wannan kayan muka nufi gonar, ranar wata Asabar a ƙarshen Janairun 2025, makonni biyu bayan sojoji sun koma Madani, wasu daga cikinmu hankalinsu rabi yana nan rabi yana can.

Ga wanda bai san Kassala ba, Sawagi lambuna ne da ke gefen kogin Gash. Sunan ya samo asali daga sagiya, na'urar ɗiban ruwa ta da wadda shanu ke juyawa. Yanzu injin ban ruwa ya gaje ta, sunan ne ya rage. Gash ɗin kansa daga Eritiriya yake gangarowa, da damina kawai yake kawo ruwa, sauran shekara rairayi ne za ka iya takawa ka ƙetare. Amma ruwan da ya bari a ƙarƙashin ƙasa shi ke ciyar da mangwaro da ayaba da gwaiba da lemo da garehul da albasar da garin ya yi suna da su. Gonar da muka kama tana Sawagin kudu. Mai ita wani dattijo ne Bahaushe, kowa Baba yake ce masa. Ba shi da allon talla, ba shi da shafi a Facebook. Ta bakin wanda ya taɓa zuwa ake jin labarinsa, ɗansa kuma shi ke ɗaukar waya. Yarjejeniyar ita ce wuri daga safe zuwa magariba, karin kumallo, abincin rana, da jabana, wato gahawar da ake dafawa a tukunyar yumɓu, sau biyu.

Abu na farko da za ku sani: raksha ba ta kaiwa ƙofa. Akwai yashi mai zurfi a ƙarshen hanyar, sai an sauka an taka kamar minti 10. Ba a gaya mana ba. Muna da dattijuwa mai ciwon gwiwa, sai da Baba ya turo keken jaki aka ɗauko ta, ta iso tana dariya tana cewa rabonta da hawa irinsa tun tana amarya. Ita ta yafe, ni ban yafe ba, na rubuta.

Amma da muka shiga, ni da na zo da niyyar kushe, sai na rasa ta inda zan fara. Inuwar mangwaro ce irin wadda rana ba ta samun ƙofa, ƙasa a share tas, an yayyafa ruwa. Rumfa biyu ce ta zana, wadda a nan muke kira rakuba, ɗaya babba ɗaya ƙarama nesa da ita, da gadajen igiya, angareb, guda takwas, da tabarmi. Ta tsakanin bishiyoyi kana hango duwatsun Taka a tsaye sumul kamar an goge su da hannu. An haife ni a gindinsu, na sha ruwan rijiyar Totil tun ban san ana cewa wanda ya sha sai ya dawo Kassala ba, amma na daɗe ban ɗaga kai na kalle su ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne faɗin wurin. Mutum zai iya tashi ya yi tafiyarsa cikin layin ayaba, ba a ganinsa, ba kuma a ce ya yi fushi ya bar taro. Ga mutane irinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ofis ko hawaye ya zo maka sai dai ka shiga bayi.

Karin kumallo ful ne, wato dafaffen wake, da man riɗi da cuku da albasa da tumatir, da burodi mai ɗumi, da shayi da madara. Babu abin faɗa, ful ne mai kyau, ya dahu har ya narke. Na lura dai faranti biyu aka yi, kowane ɓangare ya kewaye nasa, kamar a ofis.

Sai aka shiga abin da aka zo yi. Wata ƙungiya da muke hulɗa da ita ta turo mana mai horarwa, saurayi mai fara'a, da allon takarda da maka kala-kala da jaka cike da kayan wasa. Ina so in yi masa adalci: ya zo a kan lokaci, bai raina kowa ba, kuma ya yi iyakar abin da aka koya masa. Matsalar ita ce abin da aka koya masa ba don mu aka ɗinka shi ba. Wasan farko, kowa ya faɗi sunansa da wata siffa mai harafi iri ɗaya. Mutanen da suka shekara suna aiki tare, har sun san wanda ke munshari a mota. Aka yi, aka yi dariyar yaƙe. Na biyu, mutum ya juya baya ya saki jiki ya faɗo, na bayansa su tare shi, wai don a koyi yarda da juna. Telanmu ya ce, "Ɗan'uwa, matar aure ce za ta faɗo hannuna, ko ni zan faɗa nata?" Aka raba maza daban mata daban, sai wasan ya zama wani abu dabam, domin rashin yardar da ke tsakaninmu ba ta maza da mata ba ce.

Na uku shi ne balan-balan. Kowa ya hura ɗaya, ya rubuta a jiki abin da ke damunsa, a ɗaura a ƙafa, sannan a bi juna ana takawa ana fasawa. Wai an fasa damuwa kenan. Ina zaune a gefe da littafin asusu a cinya, na ga lokacin da ta farko ta fashe. Fau! Sai biyu a jere. Ɗan autanmu, ɗalibi ne da ya fito daga Khartoum Bahri bayan ya shafe watanni a gida ɗaya da harsasai na wucewa ta saman rufi, ban ga lokacin da ya bar tsakiyar fili ba. Na dai ga ƙafafunsa a ƙarƙashin angareb ɗin da nake kai, ya dunƙule, hannu biyu a kan kunne, jikinsa na rawa har igiyar gadon na motsi a ƙarƙashina. Wannan yaro shi ne mai sa yaran sansani dariya, shi ne mai kwaikwayon kukan jaki. Wata daga Madani kuma ta tsaya cak da balan-balan a ƙafa, ido a buɗe, ba ta ganin kowa. Fili ya yi tsit, injin ban ruwa kaɗai ke bugawa.

Mai horarwa ya rikice, ya yi ta ba da haƙuri, kuma don ya gyara sai ya ce to a zauna a da'ira, kowa ya faɗi abu mafi muni da ya gani a yaƙin, a fitar da shi daga zuci. Nan Daktora ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masa, "Ya ustaz, ma'alesh, wannan kam ba za mu yi ba." Ta bayyana masa abin da ta koya mana tun makon farko: a taimakon gaggawa na kwantar da hankali, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafinsa a 2011, abu uku ne, ka duba, ka saurara, ka haɗa mutum da abin da yake buƙata. Ba a matsa wa kowa ya tono abin da ya gani. Hukumar ma ta yi hani da irin zaman nan na sau ɗaya da ake tara mutane a sa su zayyana masifar da ta same su, domin ba ya hana ciwon, wani ma yana iya ƙara masa. Abin da ba ma yi wa mutanen sansani, in ji ta, ba za mu yi wa kanmu ba. Saurayin ya naɗe takardunsa. Na ji tausayinsa, wallahi. Ya zauna tare da mu har yamma, ya ci abinci, kuma daga baya ya fi amfani a zaune fiye da a tsaye.

A nan ne gonar ta fara biyan kuɗinta, kuma ba ta hanyar da ke cikin yarjejeniya ba.

Matar Baba, Inna, tana can gefen ƙaramar rumfa tana shirin jabana, duk abin da ya faru a kan idonta. Ba ta taso ba, ba ta yi salati da ƙarfi ba. Ta bari sai da yaron ya fito da kansa yana kakkaɓe riga, kunya ta rufe shi, sannan ta ɗaga murya kamar ba abin da ya faru: "Kai ɗan nan, zo ka kama mini, hannuna ya gaji." Ya je. Ta miƙa masa ƙaramin kasko mai dogon mariƙi da 'ya'yan gahawa kore a ciki, ta nuna masa yadda ake girgizawa a kan gawayi kada gefe ɗaya ya ƙone. Na matsa kusa da sunan ina neman inuwa. Gahawar ta fara ƙara tana canza launi, daga kore zuwa ruwan ƙasa zuwa baƙi mai maiƙo, hayaƙi ya tashi. Ta ce ya zagaya da kaskon kowa ya shaƙi ƙamshin, kamar yadda ake yi a gabas. Haka ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, mutanen da minti 20 da suka wuce suka gan shi a ƙarƙashin gado, kowa ya jawo hayaƙin da tafin hannu zuwa fuska, ba wanda ya ce masa sannu. Sai ta ba shi ɗan turmi ya daka da citta. Ta zuba a tukunyar yumɓu mai dogon wuya, ta ɗora a wuta, ta tsare ta da ido. Da ta taso sai ta sauke, ta tsiyaye kaɗan ta mayar, ta sake ɗorawa. Ta cusa zaren kaba a bakin tukunyar don tacewa, ta jera ƙananan finjalai a tire, sukari a gindin kowanne, ga gugguru, ga turaren wuta. Tun daga soyawa har zagaye na uku an ci fiye da awa guda, kuma a duk tsawon lokacin ba ta yi wa yaron tambaya ko ɗaya ba sai "ka ƙara citta?"

Jabanar kanta ita ce mafi kyau da na sha a wajen gidanmu, har da ta masu sayarwa a gindin Totil. Citta ta ji amma ba ta danne gahawar ba. In don ita kaɗai za ku je, ba ku yi asara ba.

Abincin rana kuwa, a nan Baba ya gaza, kuma ba zan rufa masa ba. An ce ƙarfe ɗaya. Ƙarfe biyu da rabi babu ko ƙamshi. Ashe mai kawo nama ne ya makara, kuma wanda zai gasa bai zo ba sam. Baba ya zo da kansa, hula a hannu, ya ce, "'Ya'yana, na ji kunya. Ga nama ya iso, ga gawayi, ga ƙuli da yaji. In akwai mai hannu a cikinku, ku taimaki tsoho." Ni a raina na ce to, mun biya kuɗi kuma mu yi aikin. Amma kafin in buɗe baki telanmu ya riga ya naɗe hannun riga. Agashe za a yi, kuma wane Bahaushen Kassala ne zai tsaya a koya masa agashe? Duk Sudan ta san daga hannun kakanninmu ya fito, sunan ma bai canza ba. Nan da nan aka rabu: masu fere nama fale-fale, masu soka a tsinke, masu birgima shi a cikin garin ƙuli, masu yanka albasa da lemon tsami. 'Yan Khartoum da suka saba saye a takarda da daddare suka tsaya suna tambaya, 'yan gari suka zama malamai. Karon farko kenan a shekara guda da na ga ɓangaren taga yana koya wa ɓangaren ƙofa wani abu.

Kada ku ɗauka daga nan sai aka rungume juna. A bakin wutar nan aka yi faɗan da aka daɗe ana haɗiyewa. Tela yana kafa tsinkaye a kewayen gawayi, bai ɗago kai ba, ya ce wa wani ɗalibin likitanci da aka tura Port Sudan sau biyu, "Ku kun zo da takarda, mu mun zo da ƙafa. In an tashi rabon rana a ba mu, in an tashi rabon fanka a ba ku." Ɗalibin ya ajiye wuƙa ya ce, "Kawu, kai in ka gama aiki gidanka kake komawa, ka tarar da ƙofarka inda ka bar ta. Ni ɗaki ɗaya muke da mutum tara. Kuɗin motar da kake magana da shi na sayi maganin hawan jinin babata." Aka yi shiru. Wata ta ce to ai ba a taɓa faɗa ba. Ya ce ai ba a taɓa tambaya ba. Murya ta hau, ta sauka, ta sake hawa. Wata ta yi kuka ta shige cikin ayaba, ƙawarta ta bi ta. Baba yana nan tsugune yana fifita wuta, bai sa baki ba, bai kuma tashi ya nuna ya ji abin da bai kamata ba. Sau ɗaya ya yi magana, ya ce, "A juya na gefen nan, zai ƙone."

Mun ci abinci ƙarfe huɗu saura. Agashe, da gurasa da miyar da Inna ta yi, da salatin dakwa, wato mai niƙaƙƙiyar gyaɗa, da ruwan tsamiya mai sanyi. Faranti uku aka yi, kuma ban iya gane na wane ɓangare ne kowanne ba.

Bayan sallah aka zauna a babbar rumfa, mai horarwa ya karɓi aikin rubutu, a nan allon takardarsa ya yi rana. Aka amince cewa horo zai riƙa bin layi, a rubuta sunaye a manna a bangon ofis kowa ya ga wanda ke gaba, in kuma ana buƙatar Turanci a tura mutum biyu ko a nemi tafinta. Maganar dare ta fi ɗaukar lokaci. A ƙarshe aka ce waya ɗaya za a saya ta kwana, tana zagayawa, wanda take hannunsa shi ke da dare, saura su kashe nasu da lamiri a kwance. Juma'a kuma ba aiki sai abin da ya shafi rai. Daktora ta nemi kowa ya zaɓi abokin sauke kaya, mutum ɗaya da zai kira in ya dawo daga zama mai nauyi, kuma ta roƙa kada a zaɓa daga ɓangare ɗaya. Ta tuna mana da alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar a wuraren da ake yaƙi yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, ta ce, "Mu 19 ne. Ku yi lissafi, kada ku cire kanku."

An taɓo kuma wata tsohuwar gardama, ta malamai masu rubutu da tofi, waɗanda a nan ake ce wa faki. Wasu ɗalibanmu suna ganin duk wanda ya je wajensu ɓata lokaci yake. Daktora ta ce ita a asibitin da ke ɗauke da sunan Tijani al-Mahi ta yi horo a Omdurman, kuma shi Tijani, likitan ƙwaƙwalwa na farko a Sudan wanda ya rasu a 1970, bai yaƙi malaman gargajiya ba, hulɗa ya yi da su, domin ya san wajensu mutane ke fara zuwa. Ba a cim ma matsaya ba. An dai yarda a daina yi wa tsofaffi dariya in sun ce sun sha rubutu.

Yanzu sauran abin da ke cikin littafina. Bayi ɗaya ne ga mutum 19, ƙofar langa-langa ce ba sakata, sai an sa mai gadi. Mata sun sha wahala. Wurin sallah na mata ba a tanada ba, mu muka ja tabarma bayan rumfa. Injin ban ruwa yana da ƙara, sai da muka roƙa aka kashe lokacin tattaunawa. Randunan ruwan sha a buɗe suke, moɗa ɗaya kowa ke tsomawa, alhali kwalara ta yi ɓarna a jihar nan tun Agustan 2024; mu da ruwanmu muka je, ku ma ku je da naku. Da rana ta yi sanyi sauro ya fito kamar an aiko shi, wanda zai kai magariba ya tafi da abin shafawa da safa. Sai biyan kuɗi: tun canjin takardun kuɗi na Disambar 2024 tsaba ta yi wuya, da Bankak, manhajar banki ta waya, muka biya, amma layi ba ya kamawa a cikin gonar, sai da na hau kan tudun magudanar ruwa na ɗaga waya sama kamar mai neman wata. A nan ne kuma ɗan Baba ya ƙara mini kuɗin finjali biyu da suka fashe da na gawayi, bayan mu muka yi gashin. Na ce masa, "Ɗana, in za a yi lissafi a yi shi duka, nawa ne ladan mai gashi?" Baba ya jiyo, ya daka masa tsawa, ya ce a cire, ya kuma rage wani abu saboda jinkirin abinci ba tare da na nema ba. Abin da ya hau kan kowane mutum a ƙarshe bai kai abin da za mu kashe a gidan abinci mai kyau a kasuwa ba, kuma can ba za a bar mu mu yini muna faɗa ba.

Wurin ya dace da ƙungiya ƙarama, daga mutum 10 zuwa 25, masu son su zauna su yi magana ba tare da kunnen waje ba. Masu neman majigi da lasifika da wutar lantarki su nemi ɗakin taro a cikin gari. In za ku je, ku nemi a tabbatar muku da mai gashi tun jajibiri, ko kuma ku ce a ba ku naman ku yi da kanku tun farko, a rage kuɗin. Mu haka za mu yi in mun koma, kuma za mu koma. Na riga na buɗe masa layi a littafi, ni da kaina, wanda ya sa Yaya ya yi ta kallona yana murmushi har na ce ya isa.

Ba duka aka gyara ba. Mutum ɗaya ya ajiye aiki bayan mako biyu, ya ce ya gaji, kuma ba wanda ya ce masa marar imani. Biyu sun koma Madani su ga abin da ya rage na gidajensu. Tela da ɗalibin likitancin su suka zaɓi juna a matsayin abokan sauke kaya, har yau dai gardama suke yi, amma buta ɗaya suke dafa shayi. Ɗan autanmu ya sayi ƙaramar tukunyar jabana, yana ƙona mana gahawa a ofis duk ranar Alhamis, har yanzu bai iya ba.

Da za mu tafi Baba ya ɗora mana buhun garehul a keken jaki, ya ce a kai wa yaran makaranta. Mai horarwa kuma ya bar mini ragowar balan-balan ɗinsa, leda guda cur, ya ce ba ya son ya sake ganinsu. Washegari na kai su makarantar da muke zuwa, muka zauna da 'yan mata biyu muka hura su rabi-rabi, yadda ko an taka ba za su fashe ba.